Gardamar Matakai Goma Sha Biyu: Wa Suke Ceto, Wa Suke Bari a Ruwa?

A shekarar 2006 cibiyar Cochrane, wadda aikinta shi ne tattara gwaje-gwajen likitanci ta tace su don a ga abin da ya tabbata, ta fitar da nazari kan ƙungiyar mashaya giya masu neman dainawa, Alcoholics Anonymous (AA), da hanyarta ta matakai goma sha biyu. Gwaji 8 aka samu, masu ɗauke da mutum 3,417, hukuncin kuma bai yi wa ƙungiyar daɗi ba: babu gwajin da ya nuna ƙarara cewa hanyar tana raba mutum da giya. A watan Maris na 2020 cibiyar ta sake fitar da wani nazarin, wannan karon da bincike 27 da mutum 10,565, sai ga shi an ce hanyar ta kai sauran hanyoyin jinya, a wani ma'aunin ma ta ɗara su. Sunan Marica Ferri, mai bincike 'yar Italiya, yana kan nazarin na farko, yana kuma kan na biyu tare da John Kelly na Jami'ar Harvard da Keith Humphreys na Jami'ar Stanford. Har gobe masu suka suna riƙe da takardar 2006, magoya baya suna ɗaga ta 2020, kowa yana ganin gaskiya a gefensa take. Matsayina shi ne hanyar tana da amfani na gaske, amma amfanin nata yana fitowa ne daga inda ba ita ce take nunawa ba, kuma da zarar an tilasta wa mutum ita, ko an ɗora ta a gurbin magani, sai ta koma abin da zai iya cutarwa.

Asalin abin a garin Akron na jihar Ohio ne, a 1935, inda Bill Wilson, dillalin hannun jari daga New York, ya haɗu da Dakta Bob Smith, likitan fiɗa. Dukansu giya ta ci ƙarfinsu, dukansu kuma sun ratsa ta wata ƙungiyar farfaɗo da Kiristanci mai suna Oxford Group, wadda ke koyar da furta zunubi, biyan haƙƙin mutane da miƙa wuya ga Ubangiji. Abin da Wilson ya lura da shi shi ne duk lokacin da ya zauna yana ƙoƙarin ceto wani mashayin, shi kansa ba ya sha. A 1939 aka buga littafin ƙungiyar, a cikinsa ne aka jera matakan. A taƙaice, mutum zai amsa cewa giya ta fi ƙarfinsa, ya miƙa lamarinsa ga wani Iko da ya fi shi, gwargwadon yadda shi ya fahimci Ikon, ya zauna ya yi wa kansa hisabi a rubuce, ya faɗa wa wani mutum abin da ya aikata, ya lissafa waɗanda ya zalunta ya je ya gyara tsakaninsu in hakan ba zai jawo wata ɓarnar ba, ya lizimci addu'a, sannan ya kai wa wani mashayin saƙon. Ba a biyan kuɗin shiga, ba a rubuta sunan kowa, sharaɗin zama ɗan ƙungiya kuwa ɗaya ne tak, wato son daina sha. A 1953 aka kafa Narcotics Anonymous a Kalifoniya don masu shan ƙwaya, a kan wannan tsarin. Yau AA tana ƙiyasta mambobinta da kusan miliyan 2 a ƙasashe kimanin 180.

Rabin gardamar da ake yi tana tasowa ne daga cakuɗa abubuwa uku da ake kira da suna ɗaya. Akwai zaman da mashaya ke yi da junansu a ɗakin coci ko zauren unguwa, kyauta, babu likita babu shugaba. Akwai kuma wata hanyar jinya da ƙwararru suka tsara, inda ma'aikacin lafiya ke zama da majinyaci na wasu makonni yana shirya shi, yana haɗa shi da zaman, yana bibiyar ko ya je. Bari mu kira ta hanyar rakiya. Sannan akwai gidajen jinya na kwana, waɗanda suka samo salonsu daga jihar Minnesota, inda aka buɗe Hazelden a 1949, aka kuma saba da kwantar da mutum kwana 28 ana koya masa matakan, a karɓi kuɗi masu kauri. In mai suka ya ce an raba iyalai da dukiyarsu a kan abin da ba shi da hujja, na ukun yake nufi. In mai goyon baya ya ce kimiyya ta tabbatar, galibi na biyun yake nufi. Wanda kuma ya ce hanyar ta ceci ransa, na farkon yake magana a kai. Kowannensu na iya faɗin gaskiya ba tare da ya amsa maganar ɗan'uwansa ba.

Auna zaman kansa abu ne mai wuya, dalilin kuma a fili yake. An daɗe da sanin cewa waɗanda suka lizimci zuwa sun fi daina sha. Rudolf Moos da Bernice Moos sun bi wasu mashaya har shekara 16 sun ga haka. Amma wa ke lizimtar zuwa? Mai niyya mai ƙarfi, wanda ƙila ko ba zaman zai daina. Wanda kuwa ya koma ruwa, kunya kan hana shi dawowa, sai ya ɓace daga lissafi, ya rage masu nasara kaɗai ake gani a ɗakin. Don haka shaidar tsohon ɗan ƙungiya mai shekara ashirin bai sha ba, duk da tana taɓa zuciya, ba ta gaya mana komai game da mutum nawa suka shigo tare da shi suka watse. Irin wannan raunin yana tattare da alƙaluman masu suka ma. Likitan ƙwaƙwalwa Lance Dodes, a littafinsa na 2014, ya ƙiyasta cewa masu cin nasara ta AA ba su wuce kashi 5 zuwa 10 cikin 100 ba, adadin kuma ya zagaya jaridu, musamman bayan doguwar maƙalar da Gabrielle Glaser ta rubuta a mujallar The Atlantic a 2015. Sai dai ba daga gwaji adadin ya fito ba, haɗe-haɗen lissafi ne, kuma yana ƙirga wanda ya leƙa zama sau ɗaya ya tafi a matsayin wanda hanyar ta kasa. Da haka ake auna magungunan hawan jini, a sa har da waɗanda suka karɓi katin likita ba su je kemis ba, da su ma sun sha ƙasa. Adadin da ba a kwatanta shi da na wata hanya a kan mutane iri ɗaya ba, ko babba ne ko ƙarami, ba ya yanke hukunci.

Abin da ke yanke hukunci shi ne gwajin da ake raba majinyata ta hanyar ƙuri'a, don masu niyya da marasa niyya su rarrabu daidai a kowane ɓangare. Ba za a iya hana mutum zuwa zaman da ƙofarsa a buɗe take ga kowa ba, amma ana iya jefa ƙuri'a kan wa za a raka can da wa za a ba wata jinyar. Mafi girman irin wannan gwajin shi ne Project MATCH, wanda hukumar binciken matsalar giya ta gwamnatin Amurka ta ɗauki nauyinsa, aka fara fitar da sakamakonsa a 1997. Mutum 1,726 aka raba gida uku na tsawon mako 12: wasu aka koya musu dabarun gane tunani da yanayin da ke tunzura su su sha da yadda za su kauce, wasu aka yi zama huɗu da su ana zaburar da niyyarsu, wasu kuma aka bi da su ta hanyar rakiya. Masu binciken sun shiga ne da fatan gano wane irin majinyaci ya dace da wace jinya, wannan fatan kuwa kusan bai cika ba. Duka gidaje ukun sun rage sha sosai, kuma kusan daidai da juna. Bambancin da ya fito fili ɗaya ne: a cikin waɗanda ake jinyarsu suna gida, masu barin giya kwata-kwata sun fi yawa a gidan rakiya, kuma bayan shekara 3 ratar tana nan. Wannan ya ba mutane da yawa mamaki, don a lokacin masana halayyar ɗan Adam da dama suna kallon matakan a matsayin wa'azi kawai.

Nazarin 2020 ya tattaro wannan gwajin da waɗanda suka biyo bayansa. Adadin da aka fi yayatawa shi ne bayan shekara guda, kashi 42 cikin 100 na waɗanda aka raka ba su taɓa giya ba, a kan kashi 35 na waɗanda aka ba sauran jinyoyin. Ya kamata a karanta wannan a tsanake. Ratar maki 7 na nufin in aka bi da mutum 14 ta wannan hanya maimakon waccan, za a samu ƙarin mutum ɗaya da ya bar sha gaba ɗaya. Ga cutar da ke kashe miliyoyin mutane a duniya duk shekara, wannan ba abin raini ba ne. Amma adadin yana kuma cewa fiye da rabin waɗanda aka raka, da ƙwararren ma'aikaci da tsari da bibiya, sun sake sha kafin shekara ta zagayo. A sauran ma'aunai, kamar yawan abin da mutum ke sha a ranar da ya sha, ko yawan fitinar da shan ke jawo masa, hanyar ta yi kunnen doki ne da sauran. Inda ta yi fice kuma shi ne wajen kuɗi: binciken da Humphreys da Moos suka yi a asibitocin tsofaffin sojojin Amurka ya nuna waɗanda aka haɗa da zaman sun fi ƙarancin komawa asibiti, don abin da da za su nema wurin ma'aikacin lafiya suna samunsa kyauta wurin 'yan'uwansu.

Suka ta farko mai nauyi ita ce abin da aka gwada ba AA ba ne, jinya ce ta ƙwararru da ta ari sunan AA. Akwai gaskiya a nan, kuma duk wanda ya ɗauki kashi 42 ya liƙa a ƙofar zaman unguwa ya yi zamba. Sai dai hanyar rakiya ba ta da wani sinadari nata in ban da tura mutum zaman da riƙe shi a can, kuma ribarta tana daɗewa shekaru bayan ma'aikacin ya gama nasa makonnin, lokacin da babu abin da ya rage sai zaman. A 2014 Humphreys da abokan aikinsa sun sake duba alƙaluman wasu daga cikin gwaje-gwajen ta wata dabarar lissafi da ke ware ƙarin zuwan da ƙuri'a ce ta jawo shi, ba niyyar mutum ba, suka ga cewa ga mafi yawan majinyata ƙarin zuwa yana kawo ƙarin kwanakin da ba a sha ba. Darasin da ke ciki na ma'aikatan lafiya ne. Gwajin da Christine Timko ta jagoranta ya nuna miƙa wa mutum takardar da aka rubuta wuraren zama a ce ya je daban ne da a haɗa shi da wani ɗan ƙungiya da zai karɓe shi, a kuma tambaye shi a zama na gaba ko ya je.

Suka ta biyu ta fi wannan zurfi. Ma'aunin da hanyar ta yi nasara a kai, wato barin sha kwata-kwata, ma'aunin da ita ta kafa ne, kuma ba shi kaɗai ne warkewa ba. Wani babban bincike da gwamnatin Amurka ta yi a 2001 zuwa 2002, wanda ya tambayi mutum kimanin 43,000, ya gano cewa cikin waɗanda suka taɓa kamuwa da jarabar giya, kusan kashi ɗaya cikin huɗu ne kawai suka taɓa neman jinya kowace iri, amma mafi yawansu sun fita daga halin kamu. Waɗanda suka bari gaba ɗaya da waɗanda suka koma shan da bai kai ga cutarwa ba kusan yawansu ɗaya, kowanne wajen kashi 18. Wannan ya rushe koyarwar da ake maimaitawa a zama da yawa, cewa jaraba gaba kawai take ci, kuma wanda ya bar ƙungiya ya kama hanyar kurkuku ko kabari. Ga dubban mutane, aure ko haihuwa ko sabon aiki ko tsufa kawai ya isa. To amma a yi adalci: waɗanda ke ƙarewa a ɗakin zaman galibi su ne waɗanda suka gwada ragewa sau da dama abin ya ci tura, kuma bincike ya nuna gwargwadon tsananin kamu, gwargwadon wuyar tsayawa a kan kaɗan. Ga irin waɗannan, barin gaba ɗaya ya fi aminci. Kuskuren ƙungiyar shi ne ɗaukar labarin mafiya tsananin kamu a matsayin labarin kowa.

Tambayar da ta fi muhimmanci a wurina ita ce ta wace kafa amfanin ke shigowa. Littafin 1939 ya ce farkawar ruhi ce ke cire jarabar. Da masu bincike, Kelly a gabansu, suka bi sawu don su ga me ke sauyawa a rayuwar mai zuwa zama kafin shansa ya ragu, abin da ya fi fitowa shi ne sauyin abokan zama da ƙaruwar amincewar mutum cewa zai iya shiga taro ya fito bai sha ba. Ɓangaren ibada yana da nasa tasiri, musamman ga waɗanda kamunsu ya yi tsanani, amma ba shi ne kan gaba ga yawanci ba. Wani gwaji da Mark Litt ya yi a jihar Connecticut da mutum 210 ya nufi wannan kai tsaye, aka taimaka wa majinyata su shigar da marasa sha cikin mu'amalarsu, aka kuwa ga amfaninsa. Maria Pagano ma ta duba alƙaluman Project MATCH ta ga waɗanda suka tsunduma cikin taimakon wasu mashayan sun fi tsira daga komawa, wanda shi ne abin da Wilson ya lura da shi tun 1935. Bahaushe ya riga ya faɗa, zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. Mashayi na shekara goma ba shi da aboki sai mashayi, ba shi da wurin zuwa bayan magariba sai inda ake sha. Asibiti na iya wanke masa jiki a mako guda, likita na iya ganinsa awa ɗaya a mako, amma sauran awowin fa? Zaman yana ba shi majalisa ta daban, da jagora wanda zai iya buga wa waya da tsakar dare, da mutanen da ba za su yi mamakin komai da zai faɗa ba, da wani ƙaramin aiki, ko da dafa shayi ne ko jera kujeru, wanda zai sa a lura in bai zo ba.

In haka ne, ashe matakan ba su ne sirrin ba, kuma kowace majalisa mai irin wannan siffa za ta iya yin aikin. Shaidar da ake da ita ta karkata can. Akwai ƙungiyoyin da ba sa maganar Iko mafi girma, irin su SMART Recovery da aka kafa a 1994, da LifeRing, da Women for Sobriety ta mata. Binciken da Sarah Zemore ta wallafa a 2018 ya bi mambobin waɗannan da na ƙungiyoyin matakai na shekara guda, ya ga cewa in aka yi la'akari da burin da kowa ya shigo da shi, sakamakon ya yi kusa da juna, kuma abin da ya fi tasiri shi ne yadda mutum ya tsunduma, ko wace ƙungiya ce. Ba gwajin ƙuri'a ba ne, don haka ba a gina gida a kansa, amma ya dace da sauran. Duk da haka ba zan ce matakan ado ne kawai ba. Majalisa ba ta ɗorewa shekara 90 ba tare da abin da ya haɗa ta ba, kuma hisabin kai da biyan haƙƙi suna ba mutumin da ya ɓata da kowa wata hanya ta komawa cikin mutane. Ƙa'idojin ƙungiyar na ƙin karɓar kuɗin waje da ƙin shiga siyasa su ma sun hana ta zama abin da wani zai mallaka. Fifikon AA a kan kishiyoyinta a aikace shi ne yawa: a manyan biranen Amurka ana samun zama kusan kowace awa, kishiyoyin kuwa sai an nema.

Daga nan ne ake gane dalilin da tilas ke lalata abin. Majalisar da aka tura ka da takardar kotu, kana zaune kana jiran a sa maka hannu ka tafi, ba majalisarka ba ce. Tsofaffin gwaje-gwajen da suka sa nazarce-nazarcen farko suka yi sanyi galibi irin waɗannan ne. A San Diego a 1967 kotu ta raba masu laifin maye, wasu zuwa AA, wasu zuwa asibiti, wasu ba ko'ina, kuma ba a ga waɗanda aka tura AA sun fi sauran kauce wa sake kamu ba. A 1991 Diana Chapman Walsh ta wallafa gwajin ma'aikata 227 da wurin aikinsu ya gano suna da matsalar sha; cikin waɗanda aka tilasta wa zuwa AA kaɗai, kashi 63 sai da aka kwantar da su daga baya, alhali a cikin waɗanda aka fara da kwantarwa kashi 23 ne suka sake buƙata. Ga kuma matsalar 'yancin addini. Kotunan Amurka da dama, daga babbar kotun jihar New York a 1996 zuwa kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya a shari'ar Inouye a 2007, sun yanke cewa matakan suna da addini a cikinsu har ta kai gwamnati ba ta da ikon tilasta wa fursuna ko wanda aka saka bisa sharaɗi ya halarta ba tare da ba shi zaɓi ba. Magoya baya kan ce hanyar ta ruhi ce, ba ta addini ba, amma inda ake ambaton Ubangiji a matakai da yawa, ake kuma rufe zama da addu'ar Kirista a wurare da dama, wannan rarrabewar ba ta gamsar da alƙalai ba, ni ma ba ta gamsar da ni ba.

Akwai wasu aibobi biyu da alƙaluma ba sa kamawa. Littafin ƙungiyar yana nuna cewa wanda ya bi hanyar sosai da wuya ya faɗi, kuma masu faɗuwa su ne waɗanda suka kasa miƙa kansu ko suka kasa yi wa kansu gaskiya. Da wannan, hanyar ba ta taɓa yin laifi: in ka warke ita ce, in ka koma kai ne. Babu likitan da za a yarda ya kare maganinsa haka. Ga macen da duka ko fyaɗe ya jefa cikin sha, a ce ta zauna ta lissafa nata laifin, ko a nanata mata cewa ba ta da iko, na iya zama ƙarin rauni, wannan ma yana cikin abin da ya sa Jean Kirkpatrick ta kafa ƙungiyar mata daban a shekarun 1970. Na biyu, rashin shugabanci, wanda shi ne garkuwar ƙungiyar, yana nufin babu mai tantance jagora, babu kuma ofishin da zai kori wanda ke farautar sababbin shiga masu rauni. 'Yan ƙungiyar da kansu suna da laƙabin da suke yi wa wannan ɗabi'a, suna ce mata mataki na goma sha uku, wanda ke nuna ba baƙon abu ba ne.

Inda gardamar ta zama ta rai da mutuwa shi ne ƙwayoyin dangin hiroyin, irin su mofin, kodin, tiramol da fentanil. Nazarin 2020 giya kaɗai ya shafa. A kan sauran kayan maye shaidar ba ta da kauri. Nazarin da cibiyar Campbell ta fitar a 2017 ya samu bincike 10 kacal, ya kuma ce hanyar ba ta fi sauran ba, ba ta kuma gaza su ba. Ga hodar ibilis, wadda ba ta da wani tabbataccen magani, wani babban gwaji na 1999 ya nuna nasiha mai tushe a matakan ta yi kyau. Amma dangin hiroyin suna da magani, methadone da buprenorphine, kuma nazarin da mujallar likitanci ta BMJ ta buga a 2017 ya nuna mace-mace suna raguwa ƙwarai, da rabi ko fiye, muddin mutum yana kan maganin. Dalilin a jiki yake. Wanda ya daina na wasu makonni, juriyar da jikinsa ya gina tana zubewa, in ya koma ya sha adadin da ya saba sai numfashi ya tsaya. Binciken da aka yi kan fursunonin da aka saka a jihar Washington, wanda aka buga a 2007, ya gano cewa a mako biyun farko haɗarin mutuwarsu ta wuce kima a shan ƙwaya ya ninka na sauran jama'a sau 129. Mashayin giya da ya zame galibi yana farkawa da safe ya sake ƙoƙari. Mai shan hiroyin ƙila ba zai farka ba.

A nan al'adar Narcotics Anonymous ta yi karo da likitanci. Wata sanarwa da ofishinta na duniya ya fitar a 1996 ta yi maraba da masu shan methadone su halarci zama, amma ba ta ɗauke su a matsayin waɗanda suka tsarkaka ba, kuma zaure da yawa ba sa barinsu su jagoranci zama ko su riƙe muƙami. Mutumin da magani ke riƙe da ransa, in majalisar da ya dogara da ita tana nuna masa cewa bai kammala ba sai ya ajiye maganin, an tura shi bakin rami da kyakkyawar niyya. Abin lura, waɗanda suka kafa hanyar ba su da wannan tsaurin. Vincent Dole, likitan da shi da Marie Nyswander suka fara jinya da methadone a shekarun 1960, ya zauna a kwamitin amintattun AA, kuma ya ba da labarin cewa Wilson da kansa ya nuna masa fatan a samo wa mashaya giya makamancin wannan maganin. Hazelden, uwar gidajen jinyar matakai, ta sauya matsayi a 2012 ta fara ba da buprenorphine tare da matakan, bayan ta ga ana kawo mata labarin mutuwar waɗanda ta sallama. Ko a ɓangaren giya akwai naltrexone da acamprosate, waɗanda hukumar magunguna ta Amurka ta amince da su a 1994 da 2004, amma kaɗan ne daga cikin majinyata ake ba su. Kuma barin giya farat ɗaya ga wanda ya yi nisa na iya kawo farfaɗiya da ruɗewa har ta kai ga mutuwa, wannan aikin asibiti ne, zama ba ya maganinsa.

Mai karatu Musulmi zai tambaya ko abin da aka haifa a cikin Kiristancin Amurka zai zauna a ƙasar da ba tasa ba. Iran ta ba da amsa: tun da Narcotics Anonymous ta kafu a can a shekarun 1990, ta bunƙasa har ƙasar ta zama ta biyu a duniya wajen yawan zama, bayan Amurka. A birnin Baltimore kuma wasu Musulmi sun kafa Millati Islami a 1989, suka sake tsara matakan a kan tauhidi da tuba. Tuba, mayar da haƙƙi da sauya abokai ba baƙi ba ne a wurin malamanmu. Inda za a yi taka-tsantsan shi ne matakin furta laifi ga wani mutum, don an hore mu da rufa wa kai asiri, sai an bambance tsakanin tallata zunubi da neman taimako wurin amintacce. Ɓoye suna ma ya fi wuya a unguwar da kowa ya san gidan su kowa, balle ga matar aure.

Amma babban abin da ya kamata a riƙe game da ƙasar Hausa shi ne irin kayan mayen. Binciken da hukumar ƙididdiga ta Najeriya ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi, na shekarar 2018, ya ƙiyasta mutum miliyan 14.3 masu shekara 15 zuwa 64 sun yi amfani da kayan maye a shekarar da ta gabata, miliyan 4.6 daga ciki magungunan dangin tiramol da kodin ne, jihar Kano kuma an ƙiyasta ta da kashi 16 cikin 100. A shekarar ce gwamnati ta hana shigo da maganin tari mai kodin da sarrafa shi, bayan wani rahoto da BBC ta yi kan yadda ake shansa don maye. Wato nau'in da ya fi damun Arewa, ban da wiwi, yana cikin wanda shaidar matakan ta fi rauni a kansa, buƙatar likita kuma ta fi ƙarfi. Asibitocin ƙwaƙwalwa irin na Barnawa a Kaduna, Kware a Sakkwato, Maiduguri da Dawanau a Kano ba za su iya ɗaukar wannan adadin ba, giɓin kuma shi ya cika gidajen mari, irin wanda 'yan sanda suka fasa a Rigasa a watan Satumba na 2019 suka fito da mutum fiye da 300, wasu da sarƙa a ƙafa. Iyayen da suka kai 'ya'yansu can ba mugunta ce ta kai su ba, rashin wurin zuwa ne. Zaman sa-kai na waɗanda suka daina, a haɗe da asibiti, wanda likita zai raka majinyaci zuwa gare shi bayan an sallame shi, abu ne da ba ya cin kuɗi, shaidar giya kuma ta ba da dalilin gwada shi. Sharuɗɗan dai su ne waɗanda gwaje-gwajen suka nuna: mutum ya zo da ƙafarsa, a bar masa ƙofar fita da zaɓin wata hanyar, kada jagora ya taɓa maganin da likita ya rubuta, sannan a ajiye lissafin waɗanda suka shigo da waɗanda suka watse tun daga ranar farko.